Mujiyar Habibu Ba Hatimi Ba Ce

Shekara takwas ke nan da muka sa Injiniya Habibu a makwancinsa, a wata maƙabartar Musulmi da ke bayan gari a nan jihar Maryland ta Amurka. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. Makonni uku da suka wuce wani dattijo ya kira ni daga Kano. Ɗansa ne ke neman auren Sakina, 'yar Habibu tilo. Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da sanyi da zafi, sai ya sassauta murya.

"Malam, bincike muke yi kamar yadda aka saba. Ita yarinyar ba wanda ya kushe ta. Amma an ce mahaifinta yana taɓa tsibbu, har an tarar da hatimin mujiya a gidansa bayan rasuwarsa. Kuma an ce kai ne ka duba ka tabbatar."

Abin da ya fi damuna shi ne, a cikin maganar tasa akwai ƙarya, akwai kuma wani yanki da daga bakina ya fito.

Bari in fara gabatar da mamacin ga wanda bai san shi ba. Habibu mutumin Funtuwa ne, injiniyan kwamfuta, mai gida a garin Bowie, mutum marar hayaniya wanda kan zauna a sahu na biyu ranar Juma'a ko da akwai wuri a na farko. Ni kuwa Bazazzage ne, ina zaune a wani bene a garin Silver Spring, ina koya wa yaran jama'armu karatun Alƙur'ani Asabar da Lahadi. Ajami ne ya haɗa mu. Ya ga ina rubuta sunayen ɗalibai da shi, sai ya matso ya ce ko zan yarda in rubuta masa kowane harafi sau goma, da alƙalamin kara da tawada, ba da biro ba. Na yarda. Shekaru muka yi a haka. Yakan zo da farar takarda mai kauri, in rubuta, ya jira ta bushe, ya sa a jaka kamar mai ɗaukar ƙwai.

Ya sha yi mini bayanin abin da yake yi da su. Ya ce duk harafin da ke fitowa a waya ko kwamfuta yana da lamba tasa a duniya, kamar lambar gida a kan titi. Harafin da ba a ba shi lamba ba, ba shi da masauki. Wanda aka ba lamba amma ba a zana masa siffa ba, idan ka kira shi sai wani akwati fanko ya fito a madadinsa. Burinsa shi ne ya zana wa ajaminmu siffa irin ta hannun malaman ƙasar Hausa, don jikokinmu su gan shi a waya yadda muka gan shi a allo. Wata rana ya ce kafin ya taɓa ajami yana koyon hannu da rubutun mutanen Meroe, wata tsohuwar daula ta bakin kogin Nilu a Sudan ta yau, saboda haruffansu ashirin da uku ne kawai, kuma in ya yi kuskure ba mai ita da zai zo ya yi masa faɗa. Ya ce masana sun gano yadda ake furta haruffan, amma ma'anar yawancin kalmomin har yau ta ɓuya, kamar ɗalibin da ya iya tilawa bai san fassara ba. Ya so ya buɗe kwamfuta ya nuna mini. Ni kuwa kunnena ɗaya na wajensa, ɗaya na wajen agogo, la'asar ta gabato. Na ce masa Allah Ya taimaka, irin yadda ake ce wa mai ba ka labarin gonarsa. Ban duba ba. Da na duba ranar, da wannan rubutu bai zama dole ba.

Habibu ya rasu ba jinya. Ya fita aiki da safe lafiya ƙalau, zuciya ta tsaya kafin azahar. Mutuwar fuju'a takan bar ƙofa a buɗe, kowa ya shigo da nasa zaton.

Yayansa, Alhaji Mamuda, bai samu jana'iza ba. Sai bayan mako uku ya iso daga Funtuwa don ta'aziyya. Hajiya Rakiya, matar mamacin, tana cikin takaba a sama, sai aka sauki baƙon a ɗakin ƙasa, inda Habibu ke aiki. A nan ya ga kwalaye uku cike da takardu. Ranar Asabar bayan azahar aka aiko mini in zo.

Na tarar da shi zaune a kan darduma tare da wasu dattawan jama'armu biyu. Ba a kawo ruwa ba, ba a tsawaita gaisuwa ba. Ya zaro takarda ɗaya ya shimfiɗa a gabana da yatsu biyu, kamar mai gudun ta cije shi.

"Malam, kai ka yi allo ka yi zaure. Mu 'yan kasuwa ne. Mene ne wannan?"

Zane ne mai gidaje-gidaje, layuka sun sauko, layuka sun gitta. A gefe da sama akwai lambobi. A cikin kowane gida akwai wata siffa: zaki a kwance, wani mutum a zaune, wasu abubuwa da ban san sunansu ba. A gida ɗaya kuwa mujiya ce, ta juyo fuskarta tana kallon mai kallonta, an kewaye ta da jan biro, an rubuta 10989 a ƙarƙashinta. Alhaji ya ƙara zaro wasu takardun. Mujiya ce dai, babba da ƙarama, mai kauri da siririya, shafi bayan shafi, da ƙananan rubutun ajami a gefe.

Wanda bai tashi inda na tashi ba ba zai gane abin da ya taso mini ba. Ƙanin mahaifina malamin tsibbu ne. Ina yaro na sha ganin hatimi, wato irin zanen nan mai gidaje da ake cikawa da haruffa da lambobi don neman wata buƙata, kuma na ga abin da ya raba shi da mahaifina har suka mutu ba sa ga-maciji. Ga kuma mujiya, tsuntsuwar da in ta yi kuka a kan katanga tsofaffinmu ke cewa a yi ta'awizi. Idona ya ga gidaje, ya ga lamba, ya ga mujiya, bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Yana kama da hatimi." Sannan na ƙara da cewa, "Amma a ba ni lokaci in duba."

Kalmomi huɗu na farko su aka ji. Na ga ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana salati. Sauran maganar tawa ta faɗi a kan darduma ba wanda ya ɗauka. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma ni na zara da hannuna.

Sakina tana tsaye a kan matakala, lokacin shekararta goma sha tara, ta dawo daga jami'a saboda rasuwar. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayarwa, kamar yawancin yaranmu na nan. Ta fara bayani da sauri cewa aikin babanta ne na zanen haruffa. Alhaji bai ko waiwaya ba.

"Yarinyar da ko 'ina kwana' ba ta iya mayarwa, ita za ta gaya mini abin da ƙanina ke yi a ɓoye? Ki hau sama wajen uwarki."

Muka tsayar da Laraba. Na ɗauki ƙunshi ɗaya na tafi da shi Silver Spring.

Washegari bayan na sallami ɗalibai na zauna da takardun, na bi su da ƙa'idar da na sani. Hatimi yana da lissafi: in ka tara lambobin layi ta kowace fuska, jimla ɗaya za ta ba ka. Na tara, ba su haɗu ba. Lambobin nan hawa kawai suke ɗaya bayan ɗaya, kamar gidajen unguwa. Hatimi yana da mabuɗi, yana da sunayen da ake kira, yana da buƙatar da aka yi shi dominta. Na nema ban samu ko ɗaya ba. Sai na koma kan ƙananan rubutun gefe, waɗanda Alhaji bai iya karantawa ba don hannun Habibu a ajami ƙanana ne kamar tururuwa. Ga abin da suka ce: "Idon ya yi ƙanƙanta, ba ya fitowa a waya." Wani: "Ƙafa ta yi kauri, a rage." Wani: "Wannan shi ne harafin 'ma' na mutanen Meroe, kamar mimunmu." A shafi na ƙarshe kuwa: "A tambayi Malam yadda yake karkata alƙalami a wutsiyar mim."

Na ajiye takardar na rufe fuskata. Bayanan maƙeri ne a kan aikinsa, ba wani abu ba. Mujiyar harafi ce. Lambar kuwa lambar gidanta ce, wadda masu tsara haruffan duniya suka ba ta. Zanen gidajen shi ne jadawalin da suke jera haruffa a ciki. Duk abin da ya yi ta gaya mini ina kallon agogo, ga shi a gabana. Kama da wane ba ta wane.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo domin shi da natsuwa na yi shi. Ban ɗaga waya ba. Na ce a raina, maganar da aka ɓata a zaune gaban dattawa, a zaune gaban dattawa ake gyara ta, ba a waya ba kamar cinikin mota. Haka aka rene ni. Na ce Laraba ba nisa.

Ranar Litinin da la'asar wayata ta yi ƙara. Sakina ce, kuma a karo na farko tun da na san ta, da Hausa ta yi mini magana.

"Baba Malam, ka zo. Yana ƙonawa."

Daga Silver Spring zuwa Bowie ba wata tafiya ba ce in hanya ta buɗe, amma lokacin tashi daga aiki ne, babbar hanyar da ta zagaye Washington ta cushe. Ina zaune a cikin mota, jan fitilu a gabana iya ganina, ina ta hailala, ina lissafin takarda nawa wuta ke ci a minti ɗaya. Na kira Alhaji sau uku bai ɗauka ba.

Tun daga bakin layinsu na hangi hayaƙi. A bayan gida, a kan murhun da Habibu ke gasa mana naman Sallah, Alhaji Mamuda yana tsaye da sanda yana juya toka. Kwali biyu sun zama fanko. Wani maƙwabci ya leƙo ta kan shinge, wayarsa a hannu, yana shawarar ko ya kira 'yan kwana-kwana. Hajiya Rakiya tana bakin taga a sama, ta dafe labule. Sakina kuwa ta zauna a kan kwali na uku, ta riƙe gefensa da hannu biyu, idonta ja wur, ta ƙi tashi.

Ba na so mai karatu ya ɗauki Alhaji mugun mutum. Hawaye ne a fuskarsa, ba na hayaƙi kaɗai ba. Tun daren Asabar maganata ta riga ta isa Funtuwa, dangi na ta kiransa. Shi a ganinsa ƙaninsa na kwance a kabari da kaya a kansa, yana sauke masa ne. Da na ce masa ya dakata, amsar da ya ba ni ita ce irin wadda ni ma da a wani wuri ne zan iya bayarwa.

"Malam, in sunan Allah ne a ciki, ƙonawa girmamawa ce, ba a barin sa ya wulaƙanta. In kuma ɗayan ne, ƙonawa karya shi ce. Ta ina na yi laifi?"

Na ce masa ba hatimi ba ne, na buɗe ƙunshin da na dawo da shi na karanta masa bayanan gefe ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara, sandar na hannunsa. Sai Sakina, ba tare da ta tashi daga kan kwalin ba, ta ce wa mahaifiyarta ta miƙo kwamfutar babanta. Ta buɗe a kan cinyarta, ta buga 10989, ta danna wani abu. Mujiya ta fito a kan farin allo, ita ce dai ta takardar, da idanunta da aka gyara.

Alhaji ya ja da baya taku biyu.

"A buga lamba, mujiya ta bayyana. Kuma ku ce mini ba tsafi ba ne?"

Hujjar da muka kawo ta juya ta zama tasa. Ya nufo kwalin, ya ce wa yarinyar ta tashi ko ya ɗaga ta da kansa. Ban san inda dabarar ta fito ba, Allah ne Ya kawo ta. A cikin ƙunshin da na tafi da shi akwai wani jadawalin irin wancan sak, gidaje da lambobi, amma na haruffan Larabci. Na zaro shi na sa a gabansa. Ga alif a gidansa, ga ba, ga jim. Na nemo mim, na karanta wa Sakina lambar da ke ƙarƙashinsa, 0645. Ta buga. Mim ya fito.

Na ce, "Alhaji, ciro wayarka. Alƙur'anin da kake karantawa a cikinta kullum bayan asuba, kowane harafinsa da irin wannan lambar yake zuwa gare ka. In wannan tsafi ne, to a aljihunka yake kwana."

Ya dubi mim, ya dubi mujiya, ya dubi toka. Sandar ta faɗi. Ya zauna a kan ciyawa da babbar rigarsa, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, kamar yanzu aka gaya masa rasuwar.

Sai da aka natsu muka gane abin da ya tafi. Kwalin da Sakina ta zauna a kai na mutanen Meroe ne, aikin koyon hannu, wanda ma tuni Habibu ya gama shigar da shi kwamfuta. Biyun da suka ƙone su ne na ajami: duk haruffan da na rubuta masa, da zanen da ya yi a kansu shekara da shekaru, wanda bai kai ga shigarwa ba domin yana cewa bai gamsu ba tukuna. Mun ceci mujiya, mun ƙone namu.

Nakan tambayi kaina me Habibu zai ce da ya ga yau. Ɗalibaina na yanzu suna magana da waya tana amsa musu, tana rubuta musu abin da suka faɗa, amma in na aika musu layi ɗaya na ajami sai wani ya ce, Malam, akwatuna nake gani. Ina jin ba zai yi fushi ba, ba halinsa ba ne. Zai gyara tabarau ya ce akwatin alama ce cewa gidan na nan, mai gidan ne bai iso ba. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da mu. Ya zaɓi rubutun mutanen da suka shuɗe don kada kowa ya yi masa faɗa, sai faɗan ya zo masa daga masu ransa, bayan ba ya nan balle ya kare kansa. Mutanen Meroe sun bar rubutu ana furta shi ba a san me suke nufi ba. Shi ma haka muka yi masa, mu da muke harshe ɗaya da shi, muke salla a sahu ɗaya.

Alhaji Mamuda ya koma Funtuwa bai ce wa kowa komai ba. Kunya ce ta hana shi, na sani, domin ita ta hana ni. Dattawan nan biyu na same su na yi musu bayani, suka ce alhamdulillahi, amma gyara ba ya gudu kamar ɓarna. Na ɗauka in an yi shiru maganar za ta mutu da kanta. Ashe tana nan tana yawo daga Bowie zuwa Funtuwa zuwa Kano, shekara takwas, har ta zo ta tsaya a ƙofar auren marainiya. Kafin in ɗauki alƙalami na kira Alhaji na nemi izininsa, don sunansa na ciki. Ya tsufa, muryarsa ta dushe. Ya ce, "Rubuta, Malam. Ni bakina ya kasa."

Shi kuwa dattijon Kano, na ba shi labarin nan duka a waya, tun daga darduma har toka. Ya ce ya gamsu, amma ba shi kaɗai ya ji ba, akwai 'yan'uwansa, akwai dangin uwar yaron, kuma kowannensu da sunana ya ji. Ya ce tunda da bakina ta fita, in mayar da ita inda kowa zai gani. Ya yi gaskiya.

Me ya rage na Habibu? Gidan Bowie an sayar. Kwali biyu sun zama toka. Akwai mujiya ɗaya a kwamfutar 'yarsa, mai lamba 10989, wadda ya gyara wa ido har ya fito. Akwai ita Sakina, wadda yanzu duk Lahadi take zuwa Silver Spring da farar takarda mai kauri, in rubuta mata harafi sau goma, ta jira ya bushe. Mun kai mim a watan jiya, na nuna mata yadda ake karkata alƙalami a wutsiyarsa, amsar da mahaifinta bai samu ya karɓa ba. Sai kuma sunansa, wanda shi ne kaɗai abin da ya bari a hannunmu amana.

An ce shaidar duniya ita ce ta lahira. To ga tawa, a rubuce, ga duk wanda ya ji ta farko. Ni ne na ce yana kama da hatimi. Na duba da ilimin da Allah Ya ba ni, ba hatimi ba ne, harafi ne. Na zauna da Habibu shekaru, ban san shi da komai ba sai salla, da amana, da son ya ga rubutun iyayensa ya samu masauki. Wanda ya ɗauki waccan maganar daga bakina, ina roƙonsa don Allah ya ajiye ta ya ɗauki wannan.

Allah Ya jiƙan Habibu, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe wa wanda ya ƙona da wanda ya yi jinkiri.